Haƙurin da Ban Ba Mama Saratu Ba

Briskila da Nuhu, akwai labarin da kuka taso kuna ji a kaina, wanda aka sake maimaitawa ranar da aka yi mini addu'ar godiya a coci bayan na ajiye aiki. Wani abokin aikina ya miƙe ya ce tun ina ɗaliba nake da idon ganin gobe, wai rahoton farko da na rubuta a kan wani yaro mai laifi, duk abin da na ce zai faru sai da ya faru. Na ga kuna tafi. Ni kuwa na sunkuyar da kai, kowa ya ɗauka kunyata ce ta kullum. Labarin ba ƙarya ba ne, amma rabinsa aka faɗa, kuma ba na so ku gaji rabin labari a kan uwarku.

A shekarar ina karatun aikin jin daɗin jama'a a Kaduna, sai makaranta ta turo ni gida Kafanchan in yi wata shida ina koyon aiki a ofishin da ke duba al'amuran yaran da aka kai kotu. Kun san ni yanzu ina magana a gaban taro, amma a lokacin ko gaisuwa sai na shirya ta a zuci kafin ta fito. A gidan malami na tashi, kakanku ba ya yarda a ja layi a littafi ba da rula ba, ni kuma na ɗauko halinsa kaf. Na fi sakewa da takarda a kan mutum, domin takarda ba ta kallon ka. Ƙauye kuwa sai a Kirsimeti muke zuwa, mu kwana biyu mu dawo.

Ofishin ɗaki biyu ne, shugabansa wani dattijo, Mista Dogara, mai yawan barkwanci da tsohon babur. Ana nan aka aiko mana da wani sabon fom daga sama, mai shafi huɗu, wanda za a riƙa cikewa kafin majistare ya yanke hukunci a kan yaro. Gefe ɗaya na haɗari ne: ko yaron ya taɓa yin laifi, ko ya bar makaranta, ko yana shaye-shaye, su wane ne abokansa. Ɗaya gefen na ƙarfinsa ne: ko yana da sana'a, ko yana cikin wata ƙungiya ta kirki, ko akwai babba a gida da zai tsaya masa. Kowace amsa da makinta. A tara na haɗari, a cire na ƙarfi, abin da ya rage shi zai nuna ko yaron zai iya sake aikata laifi. In ya faɗo ƙasa da wani layi, sai mu ba kotu shawara a mayar da shi gida muna sa masa ido. In ya haura layin, sai gidan horon yara. Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce ta babban da zai tsaya wa yaro.

Mista Dogara ya juya fom ɗin gaba da baya, ya ajiye gilashinsa.

"Takardar nan ba ta taɓa cin tuwo a gidan kowa ba, amma ga shi za ta gaya mana halin 'ya'yan mutane. Rifkatu, ke ce 'yar boko sabuwar fitowa, riƙe ta."

Ni kuwa na ƙaunaci fom ɗin nan. Na ga a ƙarshe an sami hanyar da ba ruwanta da ɗan wane ne, ba ruwanta da yare ko coci ko masallaci. A makaranta an koya mana cewa mai bincike ba ya sa baki, ya rubuta abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi. Na riƙe wannan kamar aya.

Yaron farko da aka ba ni shi ne Habila, ɗan shekara goma sha shida daga wajen Godogodo. Wasu manya biyu sun fasa rumbun wani manomi sun kwashe busasshiyar citta, suka sa shi ya tura musu buhunan a baro zuwa bakin titi. Da aka biyo su suka tsere, shi aka kama da baron a hannu. Na same shi a ofishin 'yan sanda, dogo siriri, tafin hannunsa duk kanta. Bai ɓoye komai ba. Ya ce ya san cittar ba tasu ba ce. Ya bar makaranta a aji biyu na sakandare, ya taɓa shan burkutu a wurin biki, iyayensa sun rasu, kakarsa ce ta riƙe shi. Da na zo gefen ƙarfi na tambaye shi abin da ya iya, sai ya kalli ƙasa.

"Ba komai, anti."

"Ko noma?"

"Noma ai ba iyawa ba ne. Kowa na yi."

Na rubuta babu sana'a. Da na duba makin a wannan matakin, yana daf da layin. Abin da kakarsa za ta faɗa shi zai raba gardama.

Ranar da za mu je gidan, Mista Dogara ya kamata ya raka ni, amma aka yi masa rasuwa a Gwantu. Ya ce in je kawai, ba wani abu ba ne, in gaishe da tsohuwa in ji ta bakinta. Muka shiga mota ni da Habila da wani ɗan sanda baƙo wanda ko Hausa bai gama ji ba. Muka sauka a titi muka taka ƙasa cikin gonakin citta da dawa. Har yanzu ina ganin gidan: an share tsakar gida tas, an ajiye kujera ɗaya ta katako a ƙarƙashin mangwaro, ga tukunya a rufe a gefen murhu. Maƙwabta sun fi goma sun jeru a jikin danga. Duk na rubuta waɗannan a littafina, har da yawan kajin gidan, amma ban tambayi kaina don wa aka yi sharar ba.

Kakarsa, Mama Saratu, ta fito daga ɗaki, gajeruwa, ta ɗaura zanen zuwa coci. Habila ya zube a kan gwiwoyinsa. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta fara da yarensu, sannan ta juya Hausa don in ji, irin Hausar tsofaffinmu da ba ta raba mace da namiji.

"Yarinya, kai ne gwamnati? To ka rubuta. Wannan ba nawa ba ne. Ni ban haifi ɓarawo ba, ɗana bai haifi ɓarawo ba. Ku tafi da shi inda kuka ga dama."

Ta yi shiru, ta dube ni. Na rubuta.

"Na ci wahala a kansa, na sayar da akuya na sa shi makaranta, ya zo ya zuba mini ƙasa a ido. Ko ruwan gidan nan ba zai ƙara sha ba."

Ta sake yin shiru, ta sake dubana, wannan karon ya fi daɗewa. Wata mata a jikin danga ta yi gyaran murya. Na ɗaga kai na ga idanu duka a kaina, har da na Habila daga inda yake durƙushe. Kunya ta kama ni, na ɗauka jira suke su ga ko na iya aikina. Sai na karanto tambayar yadda take a fom.

"Mama, in kotu ta sake shi, za ki karɓe shi ki tsaya masa?"

Ta dubi maƙwabta, ta dube ni.

"Na ce ba nawa ba ne."

Na yi godiya, na rufe littafi, na ce wa ɗan sanda mu tafi. Muna kaiwa bakin hanya wata mata ta biyo mu da gudu da kwano a ɗaure cikin tsumma, ta ce Mama ta ce a ba ɗan sanda, ya sha hanya. Ɗan sandan ya buɗe ya ga pate ne, ya ce shi bai saba da shi ba, ya miƙa wa Habila. Yaron ya ci a mota yana share ido da kafaɗa. Wannan ban rubuta shi ba, domin babu gurbinsa a fom.

Washegari na tattara maki, ya haura layin da biyu. Na buga rahoton da kaina, na saka kalmomin Mama Saratu ɗaya bayan ɗaya, na kammala da cewa yaron ba shi da wanda zai tsaya masa, kuma akwai alamar zai sake aikata laifi. Mista Dogara ya dawo daga makoki a gajiye, ya karanta, ya tsaya a wurin maganar tsohuwar.

"Ita ta faɗi wannan? Har ƙarshe ba ta sauko ba?"

"Har muka fito, ranka ya daɗe."

"Ikon Allah. To, akwai masu zuciyar dutse." Ya sa hannu. "Amma aiki ya yi kyau. Shekaruna a ofis ɗin nan ban ga rahoto mai tsabta haka ba."

Da yamma ina taya kakarku tsince shinkafa na ba ta labari, ina jin daɗin yabon da aka yi mini. Ita a ƙauye ta girma, kuma ta shekara da shekaru tana sasanta rigingimu a zumuntar mata. Tana ji ta ajiye tiren.

"Da ta ce ba nata ba ne, ke me kika ce?"

"Na rubuta."

"Rifka, ba ki ba ta haƙuri ba?"

"Haƙurin me, Mama? Ni ba ni na yi satar ba."

"Wayyo ni, karatu ya cinye mini 'ya! Wace tsohuwa ce jikanta zai yi sata, gari ya taru, ta buɗe hannu ta ce maraba? Ai sai a ce ita ta aike shi. Dole ta kore shi a gaban mutane. Wanda ya kawo mai laifi gida shi ke buɗe bakin haƙuri. Ki ce Mama a yi haƙuri, ta ƙi. Maƙwabta su kama, ta ƙi. A na uku ta ce don darajarku, ta ɗauko bulala ta zuba masa biyu, a zauna a ci abinci. Ba wanda zai riga ki magana, ke ce gwamnati a wurin. An dafa abinci?"

Na ce akwai tukunya a rufe. Ta kama haɓa, ta ce, "Gobe ki je ki gyara."

A nan ne nake so ku karanta a hankali. Rashin sani na ranar farko ana iya yafe wa yarinya 'yar shekara ashirin da biyu. Amma daga wannan yammacin na sani, kuma saura kwana uku a shiga kotu. Na zauna na rubuta takardar gyara, na sake ta sau biyu don kada a sami kuskure, na sa a jaka. Da safe na tsaya a ƙofar Mista Dogara, sai na ji shi yana nuna rahotona ga magatakardan kotu, yana cewa ga yadda ake aiki, yarinyar nan za ta yi nisa. Na koma kujerata. Na ce bari baƙon ya tafi. Da ya tafi na ce bari a tashi aiki. Rana ta biyu na fara gaya wa kaina cewa ai ban yi ƙarya ba, abin da ta faɗa na rubuta, kuma wa ya san zuciyarta, wataƙila da gaske take. Rana ta uku kakarku ta tambaye ni ko na gyara, na ce ana dubawa. Wannan ita ce ƙaryar farko da na tuna na yi mata. Abin da nake tsoro bai wuce minti biyar na tsayuwa a gaban mutum in ce na yi kuskure ba.

A kotu ba a aika wa Mama Saratu ba, tun da rahoto ya ce ta kore shi. Tafinta ya karanta maganarta da Hausa, da murya ɗaya ba hawa ba sauka, kamar mai karanta sanarwa. Majistare ya tambaya ko akwai wani na yaron a wurin. Ba wanda ya tashi. Takardar gyara tana cikin jakata a kan cinyata. Aka yanke masa shekara biyu a gidan horon yara.

Bayan kwana huɗu, ina ɗakin fayil, na ji muryarta a ƙofar ofis.

"Ina yarinyan nan mai rubutu? Na jira ku dawo da dattawa, ba ku zo ba. Ina yarona?"

Ban fito ba. Na tsaya a bayan kabad ina jin Mista Dogara yana ba ta kujera, yana mata bayani da yarensu. Na ji lokacin da ta gane. Ba ta yi kururuwa ba, ta dai koma Hausa ta yi ta lissafa masa abubuwan da Habila ke yi: shi ke nome mata gonar citta shi kaɗai tun yana shekara goma sha uku, shi ke buga ganga a ƙungiyar mawaƙa ta matasa, duk gayyar da za a yi a unguwa shi ake fara kira. Duk abin da gefen ƙarfi na fom ɗina yake nema, ta zazzage shi a ƙofar ofis, bayan an rufe shari'a. Da ta tafi, Mista Dogara ya leƙo ya same ni a tsaye. Na ciro takardar gyaran na miƙa masa. Ya karanta, ya duba ranar da na rubuta a samanta, ya dube ni. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Da kin ba ni wannan tun ranar Talata, kafin a shiga kotu," ya ce, ya ninke ta ya sa a aljihu.

Ya rubuta wa kotu yana neman a sake dubawa, amma aka yi wa majistaren canjin wurin aiki, maganar ta kwanta. Mista Dogara kuma bai taɓa gaya wa kowa ba har ya rasu. Habila ya gama shekarunsa biyu bai koma Godogodo ba. Ya zauna a tasha tare da yaran da ya sani a can ciki, ba a yi shekara ba aka kama su sun fasa shago, wannan karon gidan yari aka kai shi. Da labarin ya iso ofis, na riga na zama ma'aikaciya, sai wani ya ɗauko tsohon fayil ya ce ku duba, Madam Rifkatu ta faɗa tun farko. Daga nan labarin ya samo asali. Da shi aka riƙa koya wa sababbin ɗalibai amfanin fom, da shi aka tura ni kwas, kuma ban taɓa buɗe baki na ce a'a ba.

Kada ku ɗauka fom ɗin nake zagi. Na yi aiki da shi da waɗanda suka biyo bayansa har na ajiye aiki, kuma na ga ya ceci yaran da, in da son ran ma'aikaci za a bi, da an tura su don kawai ba su da kowa a sama. Na ga kuma yaran da makinsu ya nuna haɗari, aka sake su, suka yi ɓarna. Abin da na koya shi ne gefen haɗari yana cika kansa, 'yan sanda da masu ƙara za su kawo maka shi har tebur. Gefen ƙarfi kuwa sai ka bi shi da ƙafa, domin a wurinmu yaro ba ya yabon kansa, uwa ba ta yabon ɗanta a gaban baƙo. Tun daga nan ban ƙara cike gurbin iyali a zuwan farko ba, kuma ban ƙara barin ɗalibi ya je gidan mutane shi kaɗai ba. Ɗalibaina sun ɗauka tsantseni ne irin nawa. Ban gaya musu dalili ba.

Na sake ganin Habila sau ɗaya. Kuna sakandare a lokacin, muna hanyar Kaduna da direban ofis, taya ta yi faci a Mararaban Rido. Muka gangara wurin wani mai faci a bakin titi. Mutumin ya fito daga ƙarƙashin rumfa, ya yi furfura kafin lokacinsa, haƙoransa biyu na gaba babu. Ni ban gane shi ba. Shi ya tsaya da ƙarfen kwance taya a hannu.

"Anti mai rubutu."

Sai a lokacin na gane Habila ne. Ya jawo mini benci, ya tambayi mutanen gida, ya kama aikinsa. Ya ce shekara bakwai ke nan da ya bar waccan rayuwar, wani dattijo ya koya masa faci, yana da mata da yara biyu. Na tambaye shi Mama Saratu. Ya ce ta rasu yana gidan yari, ko kabarinta sai daga baya ya gani. Direba ya tafi sayen doya, muka rage mu biyu. Na ce masa akwai abin da ya kamata ya sani, kakarsa ba ta kore shi da gaske ba, ta zo ofis nemansa.

Ya tsoma tayar cikin ruwa yana neman inda iska ke fita.

"Anti, ni za ki gaya wa halin kakata? Na sani. Ranar nan bakinki nake ta kallo, ina cewa yanzu za ta ce a yi haƙuri, yanzu za ta ce. A gida da ta faɗa, na san faɗa ne. Amma da aka karanta shi a kotu daga cikin takarda, na waiga ban gan ta ba, sai na ce ashe da gaske ne. Da na fito daga gidan horo na kasa zuwa. Sau biyu ina kaiwa tashar Godogodo ina juyawa."

Na gaya masa sauran, har da takardar da ta kwana uku a jakata. Bai ɗago ba. Ya goge wurin, ya shafa gam, ya manna faci, ya danna da babban yatsa ya daɗe. Na ce masa, Habila, don Allah ka yi haƙuri.

"Ni ai ya wuce, anti. Wadda za ki ba haƙuri ta jira ki har ta gaji."

Ya ɗaura tayar, ya bi kusoshin ɗaya bayan ɗaya ya ƙara ɗaure su, ya buga ta da tafin hannu.

"Iska ya yi. Ku sauka lafiya."